Waƙar da Aka Jiyo ta Katanga

Masu cewa waƙa ba ta gyara gari, don Allah ku saurari wannan. A wani ƙauye aka samu zinariya a cikin dutse. Maza su haƙo su kawo gida, mata su daka a turmin da ake surfen gero. Ba a yi damina biyu ba yara suka fara tafiya: zazzaɓi, sai jijjiga, sai makara. Aka ce iskoki ne, alhali gubar dalma ce a ƙurar dutsen. To akwai wata mata, ita ke ba da waƙa in ana lugude, sauran su amsa. Ta rasa 'ya'ya biyu, saura 'yar auta mai rarrafe, kullum yatsunta a baki, fari fat da ƙurar nan. Ta lura a rugar bayan gari, inda ba a dakan dutse, ko yaro ɗaya bai kwanta ba. Nan ta gane ƙurar ce. Amma wa za ta gaya wa? Malamin makarantar da ya taɓa maganar, dillalin zinariya ya sa an kore shi da rana tsaka. Mijinta kuwa cewa ya yi, "Kul! In na ji a bakinki, sai gidan ubanki."

Ranar wani dakan biki, taɓarya na rawa a hannunta, ta rufe ido ta saki baiti: "Turmin tuwo ya ci dutse, dutse ya ci ɗana." Ta sadaƙar aurenta ya mutu. Can sai wata tsohuwa ta buga taɓarya ta amsa, sauran suka ɗauka. Kafin kasuwa ta zagayo, babu gidan da ba a rera ta.

Dillali ya kai ƙara. Mai gari ya tara matan, ya ce a fito da wadda ta ƙaga waƙar. Ita kuwa tana tsaye cikinsu da goyo. Ta farko da aka tambaya ta ce, "Ranka ya daɗe, ta katanga na jiyo." Ta biyu ma haka. Tsohuwar ta ce, "Ni dai a bakin matarka na koya." Mai gari ya sunkuyar da kai, shi ma jikansa na kwance. Wa zai kora? A ranar aka fitar da dakan dutse bayan gari, aka ƙone turamen. 'Yar autar nan ta rayu, har ta taka da ƙafarta.

Ai dama Hausawa sun ce, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.