Manomin Alkama na Afiniki

Mista Leonard ya jefa takardar a kan tebur.

"Afiniki, a ina kika kwafo wannan?"

Aikin da ya ba ɗalibansa na tarihi a Kafanchan ba shi da wuya: su rubuta yadda Amurka ta yi arziki bayan Yaƙin Duniya na Farko, da yadda komai ya rushe a 1929. Kowa ya kawo shekaru da alƙaluma. Ita kuwa labarin wani manomin alkama ta kawo, wai shi John. Kasuwa ta yi kyau, ya ƙara gona, ya sa wa gida sabon kwano, ya sayi mota. Shekara guda ta kwashe komai. Ya daina zuwa coci. Kullum yana zaune cikin motar da ba mai, hannu a kan sitiyari.

"Shekara ashirin ina koyar da wannan, ban taɓa ganin irinsa ba. Faɗi gaskiya, ko in kai ki gaban kwamiti a kore ki."

Ba ta ɗaga kai ba.

"Sa, ko littafi ban buɗe ba. Shekarar da cuta ta cinye mana citta na rubuta. Na cire citta na sa alkama, na cire garinmu Fadan Kaje na sa Amurka."

Leonard ya sake duba shafin ƙarshe, inda aka tarar da John cikin motar ba ya numfashi.

"To, shi John ɗin fa?"

"Azariya sunansa. Babana ne. Ran Asabar muka binne shi. Sa, in tafi? Ina da lacca ƙarfe biyu."