Dalma a Hannu, Garwashi a Gefe

Tunda ka ce ka rasa ta inda za ka kama, bari in ba ka misalin wani mutum. A wani ƙauye da ba a kai wa wutar lantarki ba, yana da akwatin ƙyanƙyasa mai aiki da batir da sola. Da damina ta kankama zabi suka fara ƙwai, matan unguwa suka yi ta kawo masa nasu, wannan a ƙwarya, waccan a bakin zane, aka cika akwati da amanar mutane. Ana saura 'yan kwanaki a fara jin tsiyau-tsiyau sai marka ta sauka, rufin ɗakin ya fara yoyo daidai kan akwatin. Ya ja shi gefe da sauri, ashe ya fizge wata siririyar waya daga inda aka liƙe ta da dalma a jikin wata 'yar tagulla mai kama da kunne. Fitilar da ke ɗumama ƙwan ta mutu nan take. Wurin ba shi da abin da za a murɗa waya a kai. Ya ɗaure da zare ta zame, ya ɗaure da roba ta zame. In ya danna da yatsa fitila ta kama, in ya saki ta ɗauke. Haka ya durƙusa yana danne da waya kamar mai riƙe wa jinjiri cibiya, har hannunsa ya mutu ya saki. To, yana da guntuwar dalma da mai gyara ya bari a gindin akwatin tun bara. Amma shi a duniya bai taɓa ganin dalma ta narke ba sai a bakin ƙarfen liƙi, wannan da ake jona wa wuta, saboda haka ya ɗauka narkewar a jikin ƙarfen take. Nan kansa ya ɗaure tamau: wai sai da wuta za a gyara wuta. Ya lulluɓe akwati da bargo ya faɗa cikin ruwan sama. Mai cajin waya yana da janareta, ba shi da ƙarfe. Mai gyaran rediyo yana da ƙarfe, amma yana ƙetaren rafi, rafin kuwa ya cika ya batse. Ya tsaya a bakin ruwa yana kallon hayi, ya dawo, ya sake komawa ko ruwan ya ja, ya sake dawowa jiƙe sharkaf, bai san ma me ya dawo ɗauka ba.

Matarsa ta ga yana rawar ɗari, ta ciko kaskon wuta da garwashi ta ajiye masa a gefe don ya ji ɗumi. Ya ce ta kawar masa da shi, hayaƙi na hana shi tunani. Ta matsar da shi kaɗan ta fita abinta. Nan bawan Allah ya wuni, nan ya kwana, dalma a tafin hannunsa yana juya ta, kasko a bayansa ana ƙara masa gawayi, shi kuwa yana ta lissafin wanda zai iya ninƙaya ya karɓo masa ƙarfe. In ya sa hannu ƙarƙashin bargo sai ya ji ƙwan ya fi ɗazu sanyi, fuskokin matan nan kuma suna ta gilma masa ɗaya bayan ɗaya. Washegari da hantsi ya taɓa ya ji su kamar tsakuwar rafi. Baƙin ciki ya turnuƙe shi, ya yi wurgi da dalmar ta bayansa bai ko duba ba. Ta faɗa cikin kasko. Ƙaurin da ya tashi ne ya sa ya waiwaya, sai ya ga rabinta ya zama ruwa, yana gangarawa cikin toka yana ƙyalli. Ya daɗe yana kallo baki buɗe. Daga nan ya fizgo ragowar, ya zaro wata doguwar ƙusa daga jikin ƙyaure ya cusa ta cikin garwashi. Ya cire batir, ya kankare bakin waya da kunnen tagulla da reza har suka yi ja. Ya ɗauko ƙusar da filaya ya danna a kan mahaɗin, da wurin ya ɗauki zafi ya taɓa masa dalma, ta bi ta shige ta kama. Duk aikin bai kai a sha kofin shayi ba. Ya mayar da batir, fitila ta kama rau, tana haska ƙwan da ba sauran rai a cikinsu.

Ranar da ya kamata a ji kukan 'yan zabi, matan suka zo da kwanduna da 'yan tsummokaran shimfiɗa. Ya fito ya tsaya a ƙofa. Wata tsohuwa a cikinsu ta leƙa ɗakin, ta ga fitila na ci lafiya lau, ta ce, “To ai ga wutar nan, malam.” Ya waiwayi kaskon garwashi ya ce, “Tana nan, iya. Tun ranar ma tana nan.”

Kai ma kafin ka tafi bakin rafi, waiwaya ka dubi abin da ke bayanka. Ba a banza Hausawa suka ce ba: rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.