Takwaran Baba a Cikin Dutse

"Ina takwaran nawa?" in ji Baba, yana jingina sandarsa da teburin ɗakin bincike.

'Yarsa ta tura dutsen ƙarƙashin madubin ƙara girma. A jikinsa akwai sawun wani ƙwaro mai zarto, dangin rina, wanda irinsa ya ƙare tun duniya na sabuwa. Da jijiyoyin fiffike ake tantance irin waɗannan ƙwari, wannan kuwa yana da guda da sauran ba su da ita. Saboda jijiyar nan ta ce sabon jinsi ne, ta raɗa masa sunan mahaifinta. Da aka buga binciken a mujalla, tsoho ya bi dangi gida-gida yana nunawa.

Dama dutsen rabewa biyu ya yi, yau da safe aka aiko mata da ɗaya ɓarin, mai ɗauke da sawun fiffiken nan dai. Babu jijiyar. Ashe allurar aikinta ce ta karce wurin lokacin da take sassaƙa ɓarin farko.

Baba ya kafa ido a madubin, ya daɗe.

"Ikon Allah! Uwata, dubi yadda Ya ja layin nan, ko karkacewa babu."

"Na gani, Baba," ta ce.

A cikin aljihun farar rigarta, ɓarin dutsen ya jiƙe sharkaf da gumin tafinta.