"Yes Sa" Ta Cinye Gonar Malam Lado

Malam Lado na Fassi bai taɓa zama a bencin boko ba, amma duk majalisar da ya zauna sai ya sako zancen 'yarsa Hidaya. Tana ajin ƙarshe a wata sakandare a Rano. In ta buɗe littafin adabin Turanci da yamma a tsakar gida, sai ka rantse rediyo aka kunna, ba gargada ba in'ina. Uban yakan jingina da rumbu yana gyaɗa kai. Ko kalma ɗaya ba ya ji, amma bakinsa har kunne.

Abu ɗaya ne bai taɓa yi ba. Bai taɓa cewa, "Uwata, me labarin ya ce?" ba.

Damina ta kankama, masara ta kai gwiwa, ciyawa na neman shaƙe ta. Sai ƙanensa Habu ya aiko masa da galan ɗin maganin ciyawa daga Kano ta hannun direba, ba saƙo ba bayani. Jikin galan ɗin fal rubutun Turanci, ga hoton masara a gefe.

Malam Lado ya kira Hidaya zaure, inda maƙwabta biyu ke zaune. "Karanta mana, uwata. Ana fesa shi a kan masarar da ta riga ta tsiro?"

Ta karanta daga sama har ƙasa, murya tar. Maƙwabta suka ce ma sha Allah, wannan ai Baturiya ce.

"Kin gane?" in ji uban.

Tun tana aji ɗaya ake yi mata wannan tambaya, kuma amsa ɗaya tak aka koya mata. Ta dubi hoton masara, ta dubi fuskar ubanta tana sheƙi a gaban mutane.

"Na gane, Baba. Ana fesawa."

Ashe rubutun cewa ya yi a fesa kafin shuka, domin maganin ba ya barin komai mai ɗanyen ganye. Kafin mako ya zagayo gona ta yi jawur kamar an cinna mata wuta. Lokacin sake shuka kuwa ya wuce.

Da ya titsiye ta, kuka ta sa. "Baba, ban taɓa ganewa ba. Faɗar kalmomin kawai na iya."

"Me ya hana ki tambayi malaminku tuntuni?"

"Wanda ya yi tambaya da Hausa, tsallen kwaɗo zai yi a rana. Da Turanci kuma ban san yadda zan yi tambayar ba."

Ran Litinin Malam Lado ya tumɓuke ƙonannen karan masara guda, ya hau babur sai Rano. Ya tsaya jikin tagar ajin su Hidaya yana kallo. Malam Zailani, malamin Turanci, yana karanta layi, aji na maimaitawa baki ɗaya. Da an kai ƙarshen shafi sai ya jefa wata gajeriyar tambaya, aji ya amsa har kwanon rufi na rawa: "Yes sa!"

Dattijon ya yi sallama ya shiga, ya roƙi izinin magana da yaran.

"'Ya'yana, kun gane abin da kuka karanta?"

"Yes sa!"

"Madalla. To, me ya faru a labarin?"

Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka kama kallon silin. Malam Lado ya juya wajen malamin. "Kai fa, Malam, ka san abin da ya faru?"

Malam Zailani ya ɓata rai, ya amsa da Hausa a gajarce. "Baba, wata mata ce ɗanta tilo ya nutse a kogi a kan idonta."

Wata yarinya a bencin baya ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi." Aji ya ɗauki salati. Tun farkon zango suke rera labarin nan, sai yau suka ji shi.

"Ka gani?" in ji Malam Lado. "An yi mutuwa a littafinku tun yaushe, sai yanzu aka sanar da su."

"Baba, dokar makaranta ce, ba a Hausa a aji. Ga su da yawa, ga jarrabawa ta matso. In na tsaya bayani dalla-dalla ba zan gama littafin ba."

"To ka gama shi mana, kai kaɗai. Direban da ya isa Kano da wuri bayan ya zubar da fasinjansa a Bunkure, wa zai yi masa sannu da zuwa?" Ya ajiye karan masarar a kan tebur. "Ga sakamakon ɗalibarka Hidaya, ita da ta fi kowa iya karatu. Ka sa mata maki."

Ya fita bai jira amsa ba. A hanya haushin ya juyo kansa, domin shi ma tafi kawai ya iya, bai taɓa tambaya ba.

A wannan shekara rumbun Malam Lado bai ga masara ba. Hidaya kuwa, da yara suka laƙaba wa "Baturiya mai ƙona gona", ba a sake jin muryarta tana karatu a tsakar gida ba.

Jama'a, iya faɗar Turanci daban, gane shi daban. Malamin da ya hana yaro cewa "ban gane ba" ƙarya yake koya masa, ba karatu ba. Ku kuma iyaye, in ɗanku ya gama karantawa, ku bar tafi, ku ce ya faɗa muku da Hausa abin da littafin ya ce.