Ludayin Baba Coble

Ɗalha ya ajiye zarto ya murza idanu. Tun 1981, duk Asabar in ya baro jami'a, yana garejin maƙwabcinsa Baba Coble a garin McLeansville na Amurka, suna cika harsasan libarba da hannu. Tsohon ne ya koya masa: a datse kwanson magnum, harsashin nan mai ƙarfi, daidai wannan zane, a zuba albarushi cikin wannan ɗan ludayi.

Da hannun tsohon ya fara rawa, 'yarsa ta ce za ta ƙwace bindigar. Sai Ɗalha ya riƙa rage masa albarushi a ɓoye, don kada bindigar ta fi ƙarfinsa. Ɓoyon nan ya ishe shi.

Ran nan a filin harbi harsasansu suka ƙare, Ɗalha ya sayo na kanti. Harbi ɗaya, bindigar ta yi tsalle ta fasa wa Ɗalha goshi.

Baba Coble ya miƙa masa hankici, ya yi ajiyar zuciya.

"Wannan ne magnum na gaske, ɗana. Ranar da ka fara zuwa na ga siraran hannuwanka, na datse kwanso, na sauya ludayi. Shekara uku ina harba na yara saboda kai, kai kuma ka zo kana ƙara rage mini."