Dabino Bakwai a Bakin Tsibiri

Rigar sanyi biyu, takalmin roba, sallaya, littafin ƙidayar tsuntsaye, da dabino bakwai da matarsa ta cusa masa a aljihu don buɗa-baki. Da waɗannan kayan Mato ya yi kwana goma sha ɗaya a jirgin ruwa, har suka hango wani tsibiri can ƙarshen kudu, dutsensa na fitar da hayaƙi.

A da mafarauta sun zo sun karkashe dabbobin ruwansa sun tafi, ba wanda ya taɓa zama. Tun da ƙanƙara ta janye, doka ta hana sauka da kowane irin iri.

Lantana mai binciken kaya ta zazzage aljihunsa.

"Kawu, gona za ka yi wa tsuntsayen?"

"Azumi nake, 'yar nan. Kuma ƙwallon dabino ba ya tsirowa a sanyi."

"Haka aka ce da ciyawar can."

Ya dubi gangaren dutsen, kore shar, inda taswirarsa ta nuna farar ƙanƙara. Ya yi murmushi, ya kai dabinon ɗakin ajiya, ya rufe ƙofa.

"Yau da ruwa zan buɗe baki. Mu sauka."