Amanar Ladidi

Tun da aka sabunta dokar bankuna, riƙon amana ya koma hannun kamfanoni masu lasisi. Kowace ƙofa aka liƙa mata 'yar fitila mai saurare.

Ranar da za a kwantar da Ladidi a asibiti, ta riƙo hannun 'yarta Hanne, ta shiga wurin maƙwabciyarta, ta cire 'yan kunnenta na gwal.

"Iya Tasalla, ajiye mata, ko da ta Allah za ta kasance."

Tsohuwar ta ɓoye hannuwanta cikin zane. "Ki kai kamfani, 'yar nan. Ɗaure ni za su yi."

Ladidi ta dubi Hanne. "To, yarinyar dai ta zauna wurinki."

Fitilar ta yi ja.

Iya Tasalla, wadda ta yanke wa Hanne cibiya da hannunta, ta sunkuyar da kai.

"Ita ma sai kamfani."